Yadda Ake Neman Takardun Gwamnati a Ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai

A bayan unguwarmu akwai wani gini da aka kafa harsashinsa da sunan asibitin sha-ka-tafi, aka tayar da bango har linta, sannan ma'aikata suka kwashe kayansu ba su sake dawowa ba. Allon da aka kafa a bakin filin ya koɗe, ciyawa ta cika ɗakunan, awakin maƙwabta ne ke kwana a inda aka ce nan ne ɗakin haihuwa. Duk lokacin da maganar ginin ta taso a majalisarmu ta bayan la'asar, sai wani ya rantse cewa an biya ɗan kwangila kuɗinsa cif ya gudu, wani kuma ya ce ko kwabo ba a saki ba, a yi ta musu har a kira magariba, a watse ba wanda ya gamsar da wani. Abin da ya dame ni shi ne, amsar wannan musu tana nan a rubuce cikin wani fayil a wani ofishi, kuma doka ta ba kowane ɗaya daga cikinmu ikon ya nemi a ba shi kwafinta.

Wannan doka ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta Nijeriya ta shekarar 2011, wadda ma'aikatan gwamnati suka fi sani da FOI. Ba a same ta cikin sauƙi ba. Tun a 1993 ƙungiyar Media Rights Agenda da Civil Liberties Organisation da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ƙasa suka fara tsara ƙudirin, aka gabatar da shi a Majalisar Dokoki ta Ƙasa a 1999, majalisar ta amince da shi a 2007 amma Shugaba Olusegun Obasanjo ya sauka daga mulki bai sa masa hannu ba, sai a ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu ya zama doka. Kafin nan, al'adar aikin gwamnati ta ginu ne a kan Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda ta koya wa ma'aikaci cewa rufe fayil shi ne tsira, kuma har yau wannan tarbiyyar ba ta gama barin ofisoshi ba. Saboda haka mai nema yana bukatar ya san dokar sosai, domin sau da yawa shi ne zai tunatar da wanda ke bayan tebur abin da ta ce.

Sashe na 1 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin neman bayanin da ke hannun jami'i ko hukuma ta gwamnati, kuma ba a bukatar ya nuna wata alaƙa ta musamman da bayanin. Ma'anar wannan ita ce ba sai ka zama ɗan jarida ko lauya ko shugaban ƙungiya ba, kuma ba wanda ke da ikon ya tsare ka da tambayar me za ka yi da takardar kafin ya ba ka. Hukumomin da dokar ta shafa sun haɗa da ɓangaren zartarwa da majalisa da ɓangaren shari'a, da ma'aikatu da hukumomin da doka ta kafa, da kamfanonin da gwamnati ke da rinjayen hannun jari a cikinsu, har ma da kamfanoni masu zaman kansu da ke amfani da kuɗin jama'a ko suke gudanar da aikin da ya shafi hidimar jama'a. An daɗe ana jayayya a kan ko dokar ta hau kan jihohi, har rassa biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara, na Benin da na Akure, suka yanke hukunci masu karo da juna a 2018, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta shafi hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo, ta yanke cewa dokar tana aiki a kan jihohi ma. Idan wani jami'in jiha ko na ƙaramar hukuma ya ce maka jiharsu ba ta amince da dokar ba tukuna, ka ambaci wannan hukunci a wasiƙarka. Ga masu karatu a maƙwabta, Nijar tana da tata dokar ta samun bayanai da takardun hukuma tun watan Fabrairu na 2011, Ghana kuma ta yi tata a 2019, sai dai wa'adi da matakai sun bambanta, kuma abin da ke tafe ya shafi Nijeriya ne kawai.

Aikin farko ana yin sa ne kafin a ɗauki alƙalami. Ka gano hukumar da takardar ke hannunta, domin wasiƙar da aka kai gidan da ba nata ba tana cin makonni a banza. Idan aiki ne irin na unguwarmu, ka je ka kwafe duk abin da ke jikin allon: sunan aikin, sunan hukumar da ta bayar, sunan kamfanin, da shekara idan an rubuta. Ka ɗauki hoton allon da na ginin. Daga nan ka duba kasafin kuɗin wannan shekarar, wanda Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ke wallafawa a intanet, ka nemo layin da aikin ya fito da lambarsa da adadin kuɗin da aka ware. A nan ne mutane da yawa ke yin mamaki, domin ayyukan mazaɓu sukan faɗa ƙarƙashin hukumar da ba ta da wata alaƙa da aikin, ka ga gina asibiti an saka shi a kasafin wata cibiyar bincike ko wata kwaleji da ke wata jiha dabam. Hukumar da aka saka wa kuɗin ita ce za ka rubuta wa, ba ɗan majalisar da ya kawo aikin ba. Akwai kuma shafin baitulmali na intanet da gwamnatin tarayya ta buɗe a ƙarshen 2019 domin wallafa manyan kuɗaɗen da aka biya, kuma yana da kyau ka leƙa shi, don wani lokaci abin da kake nema an riga an wallafa shi.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya: ka nemi takarda, kada ka nemi bayani. Wasiƙar da ta ce, "Muna so a yi mana bayanin dalilin da ya sa aka yi watsi da asibitinmu," ta buɗe wa hukuma ƙofar amsawa da layi biyu, cewa ana duba lamarin kuma za a ɗauki mataki nan gaba kaɗan, kuma da wuya ka iya cewa an hana ka wani abu, tunda ba ka ambaci wani abu takamaimai ba. Amma idan ka rubuta cewa kana neman kwafin takardar bayar da kwangilar, da kwafin yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da jadawalin kayan aiki da farashinsu, da baucocin duk kuɗin da aka biya kamfanin tare da ranakun biya, da rahotannin injiniyan da ya duba aikin, da takardar shaidar kammala aiki idan an bayar, to kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da ko dai yana cikin fayil ko ba ya ciki, kuma dokar ta wajabta wa hukuma, idan za ta ƙi bayarwa, ta faɗa ko takardar tana nan ko babu. Amsar "babu" ma amsa ce mai nauyi, domin aikin da aka biya kuɗinsa ba tare da rahoton dubawa ba ya riga ya faɗa maka wani abu.

Ka kuma taƙaita. Wanda ya nemi duk takardun kwangilolin da wata ma'aikata ta bayar cikin shekara goma ya ba ta hujjar jinkiri da hannunsa. Ka ɗauki aiki guda, ko shekara guda, ka sanya wa bukatunka lamba ɗaya bayan ɗaya, kada su wuce biyar ko shida, ta yadda idan amsa ta zo za ka iya cewa an ba ni na 1 da na 3, an yi shiru a kan na 2 da na 4. Idan kana da tambayoyi a kan ayyuka uku, wasiƙa uku ta fi wasiƙa ɗaya mai shafi huɗu. Ni a ganina gara mutum ya samu takarda biyu cikakku a kan rijiyar burtsatse guda da ya riƙe alkawarin cewa ana tattara masa bayanan ma'aikata baki ɗaya.

Dokar ba ta tsara wani fom na musamman ba, wasiƙa ce irin wadda aka saba. Ka sa kwanan wata, ka rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar da muƙaminsa, Babban Sakatare idan ma'aikata ce, ko Babban Darakta ko Sakataren Zartarwa idan hukuma ce, sannan ka ƙara cewa a miƙa ta ga jami'in da ke kula da bukatun FOI, domin sashe na 2 ya umarci kowace hukuma ta bayyana muƙami da adireshin jami'in da ake aika wa irin wannan bukata. A kan wasiƙar ka rubuta ƙarara cewa bukata ce a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, don kada a jefa ta cikin tarin koke-koke da takardun neman taimako. Ka ambaci sashe na 1 da ya ba ka haƙƙi da sashe na 4 da ya ɗora wa'adin kwana 7, ka faɗi yadda kake so a ba ka, kwafi a takarda ko ta imel, ka bayyana cewa a shirye kake ka biya kuɗin kwafi, sannan ka sa sunanka da adireshin da wasiƙa za ta same ka da lambar waya. Harshen wasiƙar ya kasance mai ladabi kuma babu zargi a ciki. Ko da zuciyarka ta gama yanke hukuncin cewa an ci kuɗin, kada ka rubuta haka, domin zargi yana sa a tura wasiƙar wurin lauyoyin hukuma a fara shirin kare kai, alhali kai takarda kake so.

Tun da Turanci ne harshen aiki a ofisoshin tarayya, ya fi sauƙi a rubuta da shi, amma rashin iya rubutu ba ya soke haƙƙin kowa. Sashe na 3 ya yarda wanda bai iya karatu da rubutu ba, ko mai wata nakasa da ta hana shi, ya gabatar da bukatarsa ta hannun wani, kuma ya ce idan mutum ya gabatar da bukata da baki, jami'in da aka ba alhakin ya rubuta ta ya ba shi kwafi. Wannan tanadi yana da muhimmanci a garuruwanmu, inda manomi ko mai unguwa ko uwar da ɗanta ke karatu a ajin da rufinsa ya yaye su ne suka fi kowa sanin inda ciwon yake.

Ranar kai wasiƙa ka tafi da kwafi biyu. Ɗaya za ka miƙa, ɗayan kuma a buga masa hatimin karɓa, a rubuta kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu, ka dawo da shi gida. Wannan kwafi mai hatimi shi ne jarinka duka, domin daga ranar da ke jikinsa wa'adi ke fara tafiya, kuma shi ne abu na farko da lauya zai tambaye ka idan lamari ya kai kotu. Lokacin da muka kai tamu wasiƙar a kan asibitin, akawun da ke ofishin karɓar wasiƙu, dattijo ne mai farin gemu da tabarau a kan hanci, ya karanta kan wasiƙar sau biyu, ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya aiko ku?" Na ce masa, "Baba, ba wanda ya aiko mu, mutanen unguwa ne." Ya ce in ajiye in tafi, za a kai wa oga. Na roƙe shi cikin girmamawa ya buga mini hatimi a kwafina, ya ce mai riƙe da hatimin ya fita salla. Na zauna a kan bencin da ke bakin ƙofa fiye da awa ɗaya har mutumin ya dawo, ya buga, ya sa hannu, na duba na tabbata kwanan watan ya fito sosai kafin na tashi. Ban ga mugunta a fuskar dattijon ba, tsoro na gani, irin na ma'aikacin da ya shekara talatin ana gaya masa cewa sa hannu a kan abin da bai saba gani ba yana iya jawo masa tuhuma. Idan hukumar tana Abuja kai kuma kana nesa, ka aika ta kamfanin kai saƙo da ke bayar da shaidar isarwa, ka adana rasit ɗin, ka kuma tura kwafi ta imel ɗin hukumar ka ajiye shaidar turawa.

Daga ranar karɓa, hukuma tana da kwana 7 ta ba ka abin da ka nema ko ta rubuto maka dalilin ƙi. Idan ta ga wata hukuma ce ta fi dacewa da bukatar, sashe na 5 ya ba ta damar miƙa ta can cikin kwana 3, kada ya wuce 7, tare da sanar da kai a rubuce. Sashe na 6 ya yarda a ƙara wa'adi da abin da bai wuce wasu kwana 7 ba idan takardun suna da yawa ƙwarai ko ana bukatar tuntuɓar wasu, kuma nan ma sai an sanar da kai. Game da kuɗi, sashe na 8 ya taƙaita abin da za a caje ka ga kuɗin yin kwafi da na juyar da bayani zuwa rubutu idan akwai bukata. Babu kuɗin fom, babu kuɗin bincike. Duk abin da za ka biya, ka biya ta hanyar da hukuma ke karɓar kuɗinta a hukumance, ka karɓi rasit.

Ba komai ake bayarwa ba, kuma ya kamata mai nema ya san iyakokin tun da wuri. Dokar ta ba hukuma damar hana bayanin da zai cutar da tsaron ƙasa ko hulɗa da ƙasashen waje, da wanda zai ɓata binciken laifi da ake kan yi ko ya tona asirin mai ba jami'an tsaro labari, da bayanan da suka shafi rayuwar mutum ta ƙashin kansa kamar fayil ɗin marar lafiya ko na ɗalibi, da sirrin kasuwancin wani kamfani, da abin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa ko likita da majinyacinsa, da tambayoyin jarrabawa. Waɗannan iyakoki suna da ma'ana, kuma ba na jin akwai mai hankalin da zai so wani ya iya karɓo takardun asibitin matarsa da wasiƙa guda. Sai dai akwai abubuwa uku da ake yawan ɓoye wa mai nema. Na farko, a yawancin waɗannan sassan dokar ta ce a bayar da bayanin idan amfanin da jama'a za su samu ya rinjayi cutarwar da ake gudu. Na biyu, sashe na 18 ya ce idan wani ɓangare na takarda ne kawai ya faɗa cikin abin da aka keɓe, a cire wannan ɓangaren a ba ka sauran, don haka lambar asusun bankin wani da ke cikin bauca ba hujja ba ce ta hana baucar gaba ɗaya. Na uku, sashe na 28 ya fayyace cewa buga wa takarda tambarin sirri ba ya hana a bayar da ita, dole ne jami'in ya duba ko da gaske tana cikin nau'o'in da dokar ta keɓe. Kalmar "sirrin gwamnati" ita kaɗai ba amsa ba ce. Wasiƙar ƙi ta halal, bisa sashe na 7, tana ɗauke da dalili, da sashen dokar da aka dogara da shi, da suna da muƙami da sa hannun wanda ya yanke shawarar, da sanarwar cewa kana da haƙƙin zuwa kotu.

Abin da ya fi faruwa, a gaskiya, ba ƙi a rubuce ba ne, shiru ne. Dokar ta hango wannan, ta ce idan wa'adi ya cika ba a ba ka ba, a ɗauka an hana ka. Daga nan wani agogon ya fara tafiya: sashe na 20 ya ba ka kwana 30 ka kai ƙara Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya domin ta duba matakin, ko da yake kotu tana iya ƙara lokaci idan ta ga dalili. A nan ne na ga mutane da dama sun yi asarar damarsu, suna ta zirga-zirga ana ce musu su dawo mako mai zuwa, oga ya yi tafiya, fayil yana sama, har wata ya shuɗe. Shawarata ita ce, washegarin cikar wa'adi ka rubuta wasiƙar tuni, ka liƙa mata kwafin ta farko mai hatimi, ka faɗa cikin ladabi cewa wa'adin doka ya cika kuma za ka nemi kotu ta shiga idan ba a amsa ba cikin 'yan kwanaki, ka aika kwafi zuwa ofishin Antoni Janar na Tarayya, wanda dokar ta ɗora wa alhakin sa ido, kuma wanda kowace hukuma ke da wajibin miƙa wa rahoton bukatun da ta karɓa zuwa ranar 1 ga Fabrairu kowace shekara. Amma ka ci gaba da ƙirga kwanakin nan 30 daga ranar da aka hana ka, domin wasiƙar tuni ba ta tsayar da su.

Idan aka je kotu, dokar tana gefen mai nema ta fuskoki da dama. Ta ce a saurari ƙarar cikin hanzari, ta ba alƙali ikon duba takardar da kansa, kuma sashe na 24 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar da cewa tana da hujjar hanawa, ba kai ne za ka tabbatar da cancantarka ba. Akwai tarar naira 500,000 a kan jami'i ko hukumar da aka samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, kuma sashe na 10 ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga wanda ya lalata ko ya sauya takarda da gangan kafin ya bayar. Kada dai ka gina begenka a kan tarar, umarnin a saki takardu shi ne abin nema, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya zai iya tuntuɓar ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan fage, irin su Media Rights Agenda da SERAP, ko ya nemi lauya a garinsu da ke karɓar ƙararrakin amfanin jama'a, kuma neman da aka yi da sunan ƙungiyar ci gaban unguwa yana rage wa mutum ɗaya nauyi da fargaba.

Mu ba mu kai ga kotu ba. Bayan wasiƙar tuni, aka kira ni a waya aka ce in zo in karɓi amsa. Ambulan ɗin yana ɗauke da takardar bayar da kwangila da baucar kuɗin kama aiki, ba komai a kan rahoton injiniya, ba kuma wata magana a kan sauran kuɗin. Na yi kwafi uku tun kafin in isa gida, na ajiye na asali a wuri dabam, na rufe lambar asusun da ke jikin baucar kafin in nuna wa kowa, domin abin da ya shafi unguwa shi ne adadin kuɗi da ranar biya. A majalisar la'asar ta ranar, takardar ta zaga hannu zuwa hannu, wanda ya ce an biya duka da wanda ya ce ba a biya komai ba duk suka karanta adadi ɗaya. A daren muka rubuta wasiƙa ta biyu mai bukatu biyu kacal, rahoton duba aikin da duk wata takarda da aka yi musaya da kamfanin bayan biyan farko, kuma da safe ɗaya daga cikin matasanmu ya tafi kai ta da kwafi biyu a cikin jakarsa.